Sabon jiki na madaci ko sabon jaki: wanne ke gyara muryar jitar lantarki?

Auta Mai Jita: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema kafin in zubar da kuɗi. Jitata ƙirar Stratocaster (Strat) ce ta kamfanin Fender amma ba ta asali ba, 'yar gwanjo ce, ko suna babu a kanta. Muryarta siririya ce, kuma in na kaɗa tsirkiya amon ba ya jimawa, nan da nan ya mutu, musamman tsirkiya ta uku wajen tsakiyar wuya. Da na cire murfin baya sai na ga jikin filawud ne, falle-falle an liƙa. Wani abokina ya ce in kai wa kafinta ya yanko min sabon jiki na madaci, in mayar da wuya da wayoyi a kai, wai za ta koma kamar jitar kamfanin Gibson. Wani kuma ya ce jakin ne zan canza, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan jikin jitar. Da wanne zan fara?

Baban Sadiya: Wa alaikumus salam. Auta, abokinka na farko bai yi ƙarya ba. Ni kafinta ne, kullum hannuna cikin katako yake. Ka ɗauki busasshen madaci ka ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, sannan ka ƙwanƙwasa filawud. Na farko zai amsa maka, na biyu sai dai ka ji "ɗif". Abin da bai amsa wa yatsa ba yaya zai amsa wa tsirkiya? Kuma mahoganin Afirka da kamfanoni da yawa ke yin jita da shi yanzu ɗan'uwan madacinmu ne, dangin Khaya ne duka. Har Flying V da Explorer da Gibson ta fitar a 1958, katakon da suka kira korina ai afara ne, wanda ake sarewa a dazukan Afirka ta Yamma, kana iya samunsa a 'yan katako. Abin yana gabanmu muna raina shi.

Injiniya Sabo: Baba kafinta, ina gaisuwa, amma a nan ba na tare da kai. Fikof ba kunne ba ne. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Abin da yake gani shi ne motsin ƙarfen tsirkiya a samansa, shi yake mayarwa lantarki ya tura amfilifaya. Auta, ka gwada ɗaura tsirkiyar roba irin ta jitar kilasik ka kunna, za ka ji shiru, ko da jikin na madacin da ya shekara 100 ne. Ƙwanƙwasar da Baba yake ji da kunnensa ba ta bin waya.

Baban Sadiya: To Injiniya, in haka ne me ya sa jitar Les Paul ta Gibson da Stratocaster ba su da murya ɗaya? Ɗaya katakon mahogani da mafil a sama, ɗaya katakon alda ko ash. Ko ɗan koyo yana rarrabewa.

Injiniya Sabo: Yawwa, nan nake jiranka. Sun bambanta, amma duba yawan abin da ya raba su kafin a zo kan katako. Tsawon tsirkiya daga jaki zuwa ƙashin sama, wanda tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya, a Fender inci 25.5 ne, a Gibson 24.75, don haka ɗaurin ba ɗaya ba ne. Les Paul tun 1957 tana ɗauke da hambaka, fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙiro don kashe ƙugin wuta, kuma shi da kansa yana rage kaifi ya ƙara kauri. Strat naɗi ɗaya ne. Maɓallin murya na Gibson mai juriyar lantarki 500k aka saba sawa, na Fender 250k. Wurin da aka dasa fikof ɗin a ƙarƙashin tsirkiya daban. Jaki daban. Wuyan ɗaya an liƙa da gam, na ɗaya an ɗaure da sukuru huɗu. Duk wannan a bar shi a ce katako ne?

Kuma Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin Fender, gyaran rediyo yake yi, ba makaɗi ba ne. Strat ta fito a 1954 da ash, a 1956 ya koma alda a yawancinsu, saboda yana samuwa da sauƙi a yammacin Amurka kuma ba ya buƙatar a cike ramukan fatarsa kafin fenti. Lissafin masana'anta ne. Daga baya ne aka zo ana yi masa kirari.

Saratu Jos: Ina bin ku a hankali. Ni nake riƙe jita a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, kuma akwai jita biyu a wurin, ɗaya nauyi kamar me, ɗaya sakayau. In ban jona su ba, bambancinsu a fili yake, mai sauƙin tana kaɗawa har a cikina nake ji. In an jona, ga ganga, ga kibod, ga mutane suna waƙa, wallahi ban taɓa jin wani a cikin jama'a ya ce yau kin canza jita ba. Amma ni mai riƙe da ita na sani, kuma ina kaɗa mai sauƙin da daɗin rai fiye da ɗayar. Shin wannan ba ya cikin lissafi?

Injiniya Sabo: Yana ciki, Anti Saratu, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Hannun da ya ji daɗi ya fi kaɗawa da kyau. Abin da nake musu a kai shi ne abin da ke fita ta lasifika.

Ɗan Ayar: Salam ga kowa daga Agadas. Mu nan gitar ita ce biki, babu auren da ake yi ba ita. Ku zo ku ga abin da samari ke kaɗawa: gitar ta Sin, tsirkiya ta yi tsatsa, ampli ɗan ƙarami da batir ko janareto, kuma fili ya cika ana rawa. Mdou Moctar da duniya ta sani yau, gitar ɗinsa ta fari da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Babu wanda ya tambaye shi sunan iccen. Ni abin da na sani yana kashe mu shi ne jaki mai sanda, wanda ake danna sandarsa don karkaɗa amo. Ka yi sati kana daidaita shi, rana ta buga, tsirkiya guda ta tsinke tsakiyar wasa, sauran biyar duk su karkace. Shi ya sa da yawanmu muke kashe shi gaba ɗaya.

Auta Mai Jita: Yaya Ɗan Ayar, kashe shi kamar yaya? Nawa ma mai sanda ne, amma sandar tun da na saya babu ita.

Ɗan Ayar: Juya ta baya. Za ka ga dunƙulen ƙarfe da tsirkiyoyi ke shiga ciki, da sifirin suna jan shi. Wurin sifirin biyar ne, galibi uku ake sawa. Ko ka cika su biyar ka ɗaure sukurun nan biyu har jakin ya kwanta lif a kan jiki, ko ka sassaƙa ɗan katako ka cusa tsakanin dunƙulen da bangon ramin ya matse. Shi ke nan ya daina lilo. Ba dabarar talaka ba ce kawai, Eric Clapton haka yake yi, har Strat mai sunansa da Fender ke sayarwa da katakon a ciki take zuwa.

Baban Sadiya: Ka ga ko nan ma sai da aka nemi katako.

Saratu Jos: Baba ya samu ƙofa 😂

Injiniya Sabo: Baba, ba na cewa katako ba ya komai. Bari in faɗi inda yake da hannu, don kada a ce na cika gardama. Tsirkiya tana kaɗawa tsakanin wuri biyu: sirdin jaki (ɗan ƙarfen da kowace tsirkiya ke zama a kai) a ƙasa, firet (siraran ƙarafan da ke gicciye a wuya) ko ƙashi a sama. In wuraren nan biyu ba sa motsi ko kaɗan, ƙarfin tsirkiyar yana nan cikinta, amo ya daɗe. In ɗaya yana motsi, yana shan ƙarfin, amo ya gajarta. Wato katako ba ya ƙara wa tsirkiya komai, ragewa yake yi, kuma kowane katako da inda yake ragewa. To wanne ya fi motsi, jiki mai kauri kusan inci biyu, ko wuya dogo siriri? Wuya ne. Wani masani a Jamus, Helmut Fleischer, ya auna wannan, ya nuna cewa matattun wurare, inda wani sauti ke mutuwa da wuri, daga kaɗawar wuya suke zuwa, idan ta yi daidai da sautin da aka danna a wurin. Manfred Zollner na Regensburg ma ya shafe shekaru yana aune-aune, ya ƙare a kan cewa rabon katakon jiki ƙarami ne ƙwarai in an gwada da fikof, waya, jaki da lasifika.

Auta, tunda ka ce tsirkiya ta uku ce a tsakiyar wuya, yi wannan gwajin yanzu. Tsaya kusa da bango, ka jingina kan jitar, can wurin maɗaurai, ya tokare bangon sosai, sannan ka kaɗa sautin da ke mutuwa. In ya daɗe, wuya ne, kuma sabon jiki ba zai yi maganinsa ba.

Auta Mai Jita: Oga Injiniya na gwada. Ya ɗan ƙaru kam, amma ba sosai ba. Sai dai na lura da wani abu da ban taɓa kula ba: akwai wani "zzz" ƙasa-ƙasa daga wajen jaki. Na sa farce na danna sirdin tsirkiya ta ukun sai ya daina.

Injiniya Sabo: Alhamdu lillahi. Duba sirdin da kyau. Kowanne yana tsaye ne a kan 'yan ƙananan sukuru biyu. Na tabbata ɗaya bai taɓa farantin ba, sirdin a ƙafa ɗaya yake tsaye yana karkarwa.

Auta Mai Jita: Haka ne wallahi. Na hagun a sama yake, har takarda tana shiga ƙarƙashinsa. Kuma ya yi tsatsa, makullin ba ya juya shi.

Injiniya Sabo: Ɗiga masa man keken ɗinki ka bar shi ya kwana. Kada ka tilasta, kan zai lalace. Ƙarfin da ya kamata ya zauna a tsirkiya a nan yake zubewa.

Malam Mai Gurmi: Ku yi haƙuri da shigowar tsoho cikin zancen jita. Ni gurmi da garaya na sani. A wurinmu ƙwarya da fata su ne murya, domin babu wuta. Jaki yana zaune a kan fata, tsirkiya ta kaɗa jaki, jaki ya kaɗa fata, fata ta kaɗa iska. In damina ta yi fata ta saki, murya ta dushe, sai an shanya. To amma kun lura amon gurmi ba ya daɗewa? Tas, ya wuce. Ai don fatar ta karɓe ƙarfin ne ta ba kunne. Abin da Injiniya ya faɗa ya zauna min: ku naku an yi shi ne don kada jikin ya karɓa. Kenan Baban Sadiya, katakon da ya fi amsawa ba lalle ne shi ya fi muku amfani ba.

Injiniya Sabo: Allah ya ƙara girma, Malam. Tarihin abin kenan ma. Jitocin farko masu rami a ciki in an ƙara murya sai su riƙa kuka da lasifika. Les Paul da kansa, makaɗin da aka sa wa jitar sunansa, wajen 1940, ya ɗauki gungumen katako mai inci huɗu-huɗu ya ɗaura masa wuya da fikof, sannan ya manna ɓarin jita biyu a gefe don kawai ta yi kama da jita a idon mutane. Neman jikin da ba ya kaɗawa yake yi.

Baban Sadiya: Ranka ya daɗe Malam, na ji. Amma ni har yanzu ban sauka ba. Ku ce ƙarami ne, na yarda. Ku ce babu, ban yarda ba. In babu, me ya sa masu kuɗi ke biyan dukiya kan Les Paul ta 1959? Kuma akwai abin da ba ku faɗa ba. Filawud mai araha ba ya riƙe sukuru. Jakin Strat sukuru shida ne ke riƙe shi a gaba, wuya huɗu. In katakon ya yi laushi ramin ya buɗe, komai tsadar jakin da ka saya rawa zai yi. Na gyara irin wannan da hannuna, sai da na huda na cusa turaku na katako mai tauri sannan sukuru ya kama.

Injiniya Sabo: Wannan na ƙarshen gaskiya ne ɗari bisa ɗari, kuma shi ne dalili mai ƙarfi na canza jiki in ya kama. Amma batun 1959, kaɗan aka ƙera, manyan makaɗa suka riƙe ta, shi ne kuɗin. Ga wani abu: tun farkon shekarun 1980 Gibson ta riƙa huda ramuka tara a cikin mahoganin Les Paul don rage nauyi, ta rufe da mafil a sama. Mutane sun yi shekaru suna kaɗawa suna yabon "tsantsar mahogani", sai da hoton asibiti ya nuna ramukan. Jitar Danelectro kuwa da katakon silin mai araha aka yi fuska da bayanta, kuma Jimmy Page ya hau manyan dandamali da ita. A 1969 Ampeg ta fitar da jitar Dan Armstrong wadda jikinta roba ce garau kamar gilashi. Duk suna da masoya har gobe.

Saratu Jos: Akwai wani bidiyo a YouTube na Jim Lill, makaɗi a Nashville, da ya fito a 2022. Ya yi ta cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya ɗaura tsirkiyoyi tsakanin teburin aiki da wani abu mai nauyi, babu jiki babu wuya, iska kawai a tsakani, ya sa fikof a daidai tazarar da yake a jitarsa ƙirar Telecaster. Na saurara da abin kunne, na kasa cewa ga wannan ga wancan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ɗan ɗaga fikof ko sauke shi ya canza murya fiye da komai.

Baban Sadiya: Anti, teburin nan da me aka yi shi? 😄

Saratu Jos: Baba kai dai ba za ka bari ba.

Ɗan Ayar: Ku bar Baba da iccensa. Ni ina so mu tsaya kan jaki, don nan ne nake jin bambanci da kunnena ba da labari ba. Na taɓa riƙe Telecaster ta wani baƙo. Kaifin nan nata mai cizo, ban taɓa samun shi a Strat ba ko da fikof na baya.

Injiniya Sabo: Dalilinsa a bayyane yake. A Telecaster fikof na baya a cikin farantin jakin yake zaune, farantin kuma ƙarfe ne da maganaɗisu ke kamawa, ga wani faranti a ƙarƙashin fikof ɗin. Wato jakin ya shiga cikin aikin maganaɗisun kansa. Sirdi uku ne, kowanne na ɗauke da tsirkiya biyu, suna danne shi sosai, tsirkiyoyin kuma ta cikin jiki suke bi. A Strat fikof a murfin roba na gaba yake rataye, jakin kuma a kan sifirin. Sifirin ɗin ma suna da nasu ɗan amon, kaɗa da ƙarfi ka tsayar da hannu za ka ji su suna "wanng" a baya. Wasu na so, wasu na cusa soso.

Wanda ya fi nuna aikin jaki shi ne jitar Jazzmaster ta Fender ta 1958. Tsirkiya tana hawa sirdi a kwance, ba ta danna shi da ƙarfi, ga sauran tsirkiya mai tsawo a bayan jaki tana nata kaɗawar. Sakamakon: amo gajere, ƙarar ƙarfe-ƙarfe, wani lokaci tsirkiya ta zame daga gurbinta. Katakonta alda ne irin na Strat, amma halinta daban. A Gibson kuma, jakin Tune-o-matic na Ted McCarty da ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a bayansa suna zaune daram a kan turaku, babu sifirin. Jakin Floyd Rose da ya shigo ƙarshen shekarun 1970 ya kulle tsirkiya sama da ƙasa, ka danna sanda yadda kake so ba ta karkacewa, amma sai an fafe katako mai yawa, kuma canza tsirkiya ɗaya aiki ne.

Auta Mai Jita: To dunƙulen ƙarfen baya fa? Nawa siriri ne, fari-fari, maganaɗisu ba ya kama shi. Na ga ana tallar masu kauri.

Injiniya Sabo: Naka zinki ne da aka narka aka zuba a mazubi. Na Strat ɗin asali na shekarun 1950 ƙarfe ne mai nauyi. Canzawa zuwa ƙarfe ko tagulla yana iya ƙara ɗan tsawon amo, amma kada ka sa ran abin mamaki. Kuma ka auna kafin ka saya, don nan mutane ke asara: tazarar sukuru da ta tsirkiyoyi a jitocin Sin sau da yawa ta fi ta Fender ɗin Amurka matsewa, jikinsu kuma ya fi siriri, sai dogon dunƙule ya leƙo ta baya murfi ya ƙi rufuwa.

Baban Sadiya: Auta, in ka gama da su Injiniya har yanzu kana son madacin, ga sharaɗina. Kada ka sayi ɗanye. Wanda aka yanka bana, in ka yi jiki da shi, hunturu na zuwa zai murɗe ko ya tsage, ramin wuya ya saki. Nemi tsohuwar ƙofa ko tsohon gado da aka cire, wanda ya sha shekaru a ɗaki. Kuma madacinmu na arewa ya fi na kurmi nauyi da tauri, sai ka yi tunanin kafaɗarka in za ka tsaya awa uku a wurin biki. Ramin wuya da wurin jaki kuwa ba aikin ido ba ne. Ka kuskure kaɗan, jitar ba za ta ƙara daidaita ba har abada, kowane firet ƙarya zai yi.

Ɗan Ayar: Batun hunturu, wuya ma yana shan wahala. Katako ya bushe ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankan hannu, wuyan ya canza lanƙwasa tsirkiya ta fara taɓa firet. Wani sai ya ce gitar ta mutu, alhali ɗan juya ƙarfen cikin wuya ne kwata ɗaya. Auta ka duba wannan ma, tsirkiyar da ke gogar firet ba ta da amo.

Auta Mai Jita: Ga rahoto. Sukurun ya juya da safe, sirdin ya zauna ƙafa biyu, "zzz" ya tafi. Na ƙara sifirin biyu da na ciro daga wata matacciyar jita, jakin ya kwanta. Na sa sabbin tsirkiyoyi, na ɗaga fikof na baya kaɗan. Amon ya daɗe sosai fiye da da. Sirantakar muryar dai tana nan, ta ragu amma tana nan. Kuma Baba, biyu daga sukurun gaban jakin suna juyawa ba sa kamawa, kamar yadda ka faɗa.

Baban Sadiya: Kawo min ita ranar Asabar in cusa mata turaku. Kuma zan nuna maka wani ɓallen madaci da na ajiye, ka ƙwanƙwasa da kanka.

Injiniya Sabo: Sirantakar fikof ne, irin mai maganaɗisun yumɓu a manne a ƙasa. Kafin ka sayi wani, faɗa min wace amfilifaya kake sawa da girman lasifikarta, kuma wayarka mita nawa ce. In ta inci shida ce, ko Les Paul ta 1959 ka jona siririya za ta fito.

Auta Mai Jita: Ba amfilifayar jita ba ce, Oga. Cikin miksar masu DJ nake jonawa kai tsaye.

Injiniya Sabo: Inna lillahi. Auta, tun farko da wannan ya kamata ka fara. Ramin layi na miksa bai dace da fikof ba, yana shanye ƙarfinsa, kuma lasifikar DJ tana da twita, wato ƙaramar lasifikar siririn sauti, mai fito da duk ƙarar da lasifikar jita ke ɓoyewa. Nemi ɗan akwatin DI mai batir, wanda ke daidaita jita da miksa, ko feda (akwatin da ake takawa da ƙafa) mai kwaikwayon amfilifaya, ka sa a tsakani. Turo hoton bayan miksar in nuna maka ramin da za ka shiga.